Ƙyanda ta ɓulla a unguwannin baƙi: shin mun fi kowa shiga haɗari, kuma ta ina za mu fara?

Sakatariyar Ƙungiya ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya ta baƙi mazauna ƙasar waje, wadda muka kafa domin mu riƙa taimakon juna idan an yi haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa, kuma mambobinmu sun fito ne daga ƙasashe daban-daban. Makonni uku da suka wuce hukumar lafiya ta birnin da muke zaune ta ba da sanarwar ɓullar ƙyanda, wato baƙon dauro, kuma mafi yawan yaran da suka kamu suna zaune ne a unguwannin da baƙi suka fi yawa. A cikin mambobinmu cutar ta riga ta shiga gida biyu, kuma yaro ɗaya yana kwance a asibiti saboda ta sauka masa a huhu.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne, kan 'yan kwamitinmu ya rabu. Wasu suna ganin mu ja bakinmu mu yi shiru, kada mu gayyaci ma'aikatan lafiya, kada kuma mu fitar da wata sanarwa da sunan ƙungiya, domin a cewarsu da ma ana neman abin da za a jingina mana, kuma tun da aka fara maganar cutar wasu maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da namu. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, amma idan aka tambaye ni hujja sai in rasa abin faɗi, saboda ban karanci fannin lafiya ba.

Don haka ina roƙon masu sani su taimaka mini. Shin gaskiya ne cewa baƙi sun fi 'yan ƙasa kamuwa da cuta a lokacin annoba, ko kuwa zargi ne kawai irin wanda aka saba yi wa baƙo? Idan gaskiya ne, mene ne sanadinsa? Yawancin manyanmu ba su da katin rigakafin da aka yi musu suna yara, wasu ma ba su san ko an yi musu ba, to yaya za su yi? Sannan ana ta cewa a killace mara lafiya a ɗaki shi kaɗai, alhali ina da mambobin da su bakwai ne a ɗaki biyu da banɗaki ɗaya. Akwai kuma waɗanda takardunsu na zama ba su cika ba, waɗanda suka gwammace su yi jinya a gida da su je asibiti a rubuta sunansu. Ina son in je taron kwamiti na gaba da abin da zan iya tsayawa a kansa.

Malamar Jinya ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Sakatariya. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya kuma tsare sauran. Aikin jinya nake yi, mafi yawan shekaruna a sashen cututtuka masu yaɗuwa, kuma ni ma baƙuwa ce a inda nake aiki, saboda haka tambayarki ta shafe ni ta fuska biyu.

Amsar tambayarki ta farko ita ce, sau da yawa gaskiya ne, kuma sanadin yana cikin ɗakin da baƙo yake kwana, da motar da ke kai shi wurin aiki, da irin aikin da yake yi. Jininsa ko ƙasar da ya fito ba su da hannu a ciki. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Singafo a shekarar 2020. A lokacin ƙasar tana da ma'aikata baƙi kimanin 323,000 da ke zaune a manyan gidajen kwana na ma'aikata, da yawansu daga Bangladesh da Indiya, mutum goma sha biyu har zuwa ashirin a ɗaki guda. Zuwa watan Disamba na wannan shekarar gwamnati ta bayyana cewa kashi 47 cikin 100 nasu sun kamu da korona, a daidai lokacin da cutar ba ta yi wani ƙarfi a cikin sauran jama'ar ƙasar ba. Yawancin waɗannan mutane sun daɗe a ƙasar kafin annobar ta zo, a ɗakunan kwanansu ta same su. Haka kuma a watan Yunin 2020 fiye da ma'aikata 1,500 suka kamu a wata masana'antar sarrafa nama da ke gundumar Gütersloh ta Jamus, yawancinsu 'yan Romaniya da Bulgeriya da Poland, waɗanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa a ɗakuna masu sanyi da iska ɗaya ke ta zagayawa a ciki, su tashi kuma su koma gidajen haya masu cunkoso. Abin ya kai ga Jamus ta hana ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila a manyan mayankan ƙasar tun daga watan Janairun 2021, wanda ke nuna cewa hukuma da kanta ta gane inda matsalar take.

Game da ƙyanda kuwa, ya kamata 'yan kwamitinku su san irin cutar da suke son yin shiru a kanta, domin tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa. Ƙwayarta tana bin iska, kuma tana iya zama a cikin ɗaki har tsawon awa biyu bayan mara lafiya ya fita. A cikin mutum goma da suka kusanci mai cutar ba tare da rigakafi ba, kusan tara za su kamu. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne, yaro yana fara shafa wa wasu tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da iyaye ke ɗaukar zazzaɓin da tarin da yoyon hancin da jan idon a matsayin mura, kuma yana ci gaba har kwana huɗu bayan sun fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500 a shekarar 2023 kaɗai, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ina so in ƙara wani abu da takardun faɗakarwa ba su cika kula da shi ba: hotunan da ake nunawa na jajayen ƙuraje a kan farar fata ne, a kan baƙar fata kuwa ba lalle a ga ja ba, sai dai a ga fatar ta ƙara duhu ko a ji ta da kaushi idan an shafa. Ƙurajen suna farawa daga fuska da bayan kunne su gangara jiki, kuma kafin nan akan ga wasu ƙananan fararen ɗigo a cikin kumatu.

Maganar manya marasa kati mai sauƙi ce. Allura ɗaya tana ba da kariya kimanin kashi 93 cikin 100, biyu kuma kimanin kashi 97, kuma ƙasashe da yawa sun daɗe suna yin allura ɗaya tak a wata tara da haihuwa, ta biyun daga baya aka shigo da ita. Don haka ko wanda aka yi wa yana jariri mai yiwuwa ɗaya ya samu. Ƙa'idar da muke bi ita ce, wanda ba shi da shaidar allura biyu a rubuce a yi masa, domin babu illa idan an maimaita wa wanda ya riga ya samu. Waɗanda ba a yi wa su ne mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, misali mai shan maganin kansa, wato ciwon daji, saboda allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Waɗannan da jarirai ba su da wata kariya sai ta mutanen da ke kewaye da su, shi ya sa ake son kashi 95 cikin 100 na jama'a su samu allura biyu.

Batun mutum bakwai a ɗaki biyu kuwa, gaskiyar ita ce a lokacin da aka gane ƙyanda ce duk mutanen gidan sun riga sun shaƙi iskar, saboda haka kada a ɓata lokaci wajen neman ɗakin da babu. Abin da ke da amfani shi ne gaggawa. Idan aka yi wa mutum allurar cikin awa 72 da haɗuwarsa da mai cutar, tana iya hana shi kamuwa ko ta sassauta masa, jarirai da masu juna biyu da masu raunin garkuwa kuma akwai wata allurar ta sinadaran garkuwa da ake yi musu cikin kwana shida. Duk wanda ya yi shiru na mako guda ya rasa waɗannan damarmaki biyu. A buɗe tagogi, a dakatar da zuwa dubiya gaba ɗaya, kada yaron ya fita sai bayan kwana huɗu da fitowar ƙuraje, kuma 'yan'uwansa da ba su da rigakafi za a iya cewa su zauna a gida har kwana 21. Ina roƙo da babbar murya cewa a buga waya kafin a je asibiti, domin kada a zaunar da yaron a ɗakin jira tare da jarirai. Idan kuwa numfashinsa ya yi sauri ko ya yi wuya, ko ya kasa shan ruwa, ko ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko ya yi jijjiga, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Mai Aikin Dare ya rubuta:

Malamar Jinya, Allah ya saka miki da alheri, kin yi bayani mai gamsarwa kuma ban ga abin da zan musa a ciki ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kalmar nan ta kwana 21 ita ce inda shawarar ke karyewa a hannun mutane irina. A lokacin korona ina aikin ɗaura kaya a wani babban rumbun ajiya ta hannun ɗan kwangila, ana biyana gwargwadon awannin da na yi, ranar da ban je ba kuma babu ko sisi. Na ji zazzaɓi ya kama ni, na san abin da ya kamata in yi, amma kuɗin haya na jirana kuma akwai mutanen da abincinsu ya dogara da abin da nake aikawa, don haka na sha maganin zazzaɓi na ci gaba da fita har kwana uku a cikin ƙaramar motar da ke ɗaukar mu takwas. Biyu daga cikin abokan tafiyata sun kwanta bayana, ɗayansu ya yi mako biyu a asibiti, kuma har yau abin yana damuna. Ilimi ban rasa ba a wancan lokaci, abin da na rasa shi ne wanda zai ce mini in zauna a gida ya ɗauke mini hayar wannan wata.

Saboda haka, Malama Sakatariya, tunda ƙungiyarku tana da asusun taimakon juna, shawarata ita ce ku ware wani kaso domin gidajen da aka ce su killace kansu, ku kuma sanar da shi tun kafin wani ya kamu, domin uwar da ta san za a kawo mata cefane har ƙofa kuma za a tallafa mata da kuɗin haya ita ce za ta faɗi gaskiya ranar farko. Gwamnatoci ma sun gane haka, ko da yake ba kullum taimakon ke isa ga baƙi ba. A Ingila an fara ba masu ƙaramin ƙarfi fam 500 idan aka umarce su da killace kai tun daga ƙarshen watan Satumban 2020, amma babban sharaɗin shi ne mutum ya kasance yana karɓar tallafin gwamnati, baƙi da yawa kuma takardar zamansu ta hana su irin wannan tallafi. Birnin New York kuwa ya riƙa ba da ɗakin otal kyauta ga wanda ba zai iya keɓewa a gidansa ba. Ku tambayi hukumar lafiyarku ko akwai makamancin wannan.

Game da marasa cikakkun takardu, kada kowa ya ce musu tsoronsu na banza ne. A watan Mayun 2020 an kama ɗaruruwan baƙi marasa takardu a Kuala Lumpur ta Maleshiya, a unguwannin da aka rufe saboda korona, daga baya kuma cutar ta ɓarke a wuraren da aka tsare su. Amma akwai inda aka bi wata hanya dabam. A ƙarshen watan Maris na 2020 Fotugal ta ɗauki duk wanda ke jiran amsar neman izinin zama a matsayin mazauni na wucin gadi, domin ya samu zuwa asibiti. A Ingila kuma ba a bukatar takardar zama kafin a yi rajista da likitan unguwa, kuma gwaji da maganin wasu cututtuka masu yaɗuwa, ciki har da ƙyanda da tarin fuka, kyauta ne ga kowa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku rubuta wa hukumar lafiya ku tambaye ta kai tsaye ko tana miƙa sunayen marasa lafiya ga hukumar shige da fice, ku nemi amsa a rubuce, ku kuma nuna wa lauya ko wata ƙungiyar kare haƙƙin baƙi kafin ku ba wa kowa tabbaci. Idan kuka ce wa mutum babu komai sannan wani abu ya same shi, ba za a sake jin maganarku ba.

Tafinta ta rubuta:

Ina gaishe ku duka. Aikina fassara tsakanin likitoci da marasa lafiya, kuma ina so in ɗan saɓa wa 'yan'uwana biyu da suka gabace ni, ba domin sun yi kuskure ba, sai domin idan muka tsaya a kan gida da aiki kaɗai za mu wanke kanmu daga wani kaso da yake namu ne. Cunkoso yana hanzarta ƙyanda, amma da wuya ya yi tasiri a gidan da kowa ya samu allura biyu, kuma akwai iyayen da aka kira su sau uku domin allurar suka ƙi zuwa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Al'ummar Somaliya mazauna jihar Minnesota ta Amurka sun kasance cikin waɗanda suka fi kowa kai 'ya'yansu rigakafi, har kashi 92 cikin 100 na yaransu suna samun allurar ƙyanda a shekarar 2004. Daga baya iyaye suka shiga damuwa ganin ana yawan cewa 'ya'yansu suna da lalurar otizim, wadda ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, sai masu adawa da rigakafi suka shigo musu da amsa tun kafin hukuma ta saurare su da kyau. Har Andrew Wakefield ya je ya gana da su, mutumin da ya wallafa binciken 1998 a kan yara 12 kacal da ya danganta allurar da otizim, binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta janye a shekarar 2010, shekarar da kuma aka soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Zuwa 2014 adadin ya faɗo zuwa kashi 42, a 2017 kuma ƙyanda ta ɓarke ta kama mutum 75 a jihar, akasarinsu yaran wannan al'umma da ba a yi musu allura ba. An yi bincike a Denmak a kan yara fiye da 650,000, aka wallafa a 2019, ba a kuma samu wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne, alamun lalurar suna fara bayyana ne a daidai shekarun da ake yin allurar.

Waɗannan iyaye ba jahilai ba ne, tambaya suka yi don ƙaunar 'ya'yansu, wanda ya fara amsa musu da harshen da suke ji kuma shi ya ci nasara. Haka abin yake a tsakaninmu. Jita-jita tana zuwa ne a saƙon murya na WhatsApp, da muryar da ta yi kama da ta yayarka ko ta gwaggonka, sanarwar hukuma kuwa tana zuwa a takarda mai ƙananan haruffa, wani lokaci da fassarar na'ura da ba ta da kai ba ta da gindi. A jihar Victoria ta Ostireliya an taɓa fitar da sanarwar korona a 2020 da ta cakuɗa Larabci da Farisanci a takarda ɗaya. Don haka ku nemi ma'aikacin lafiya daga cikinku ya naɗi gajeren saƙon murya a kowane harshe da mambobinku ke ji, ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma bar ƙofa a buɗe ga mai tambaya ba tare da an kunyata shi ba. Wasu za su tambaya game da sinadarin jelatin da ake samu daga alade, kuma tambaya ce ta gaskiya: a Birtaniya akwai nau'in allurar da ke da shi, akwai kuma wanda ba shi da shi, misali mai suna Priorix, kuma iyaye suna iya neman wanda suke so. Ku binciki wanda ake da shi a wurinku tun kafin a tambaye ku. Ina kuma roƙon kada a sa yaro ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a gaban likita, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa ta bakin ɗanta ba, misali cewa tana da ƙaramin ciki, wanda kuma shi ne abin da mai yin allurar ya fi bukatar sani.

Dattijon Zaure ya rubuta:

'Yata Sakatariya, na karanta duk abin da aka rubuto miki, kuma saura abu guda da ba a taɓa sosai ba, wato mutanen kwamitinki masu son a yi shiru. Kada ki shiga taro kina ganinsu a matsayin masu taurin kai, domin tarihi yana bayansu. A watan Maris na 1900, da annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa ta ɓulla a birnin San Francisco na Amurka, hukuma ta zagaye unguwar Sinawa da igiya, daga baya kuma aka shata iyakar killacewar ta yadda ta tsallake gine-ginen Turawa, har sai da kotun tarayya ta soke matakin a watan Yuni saboda wariyar da ke cikinsa. A watan Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wasu suka kwana a titi, har jakadun ƙasashen Afirka suka rubuta takardar koke. A ranar 4 ga Yulin 2020 kuma 'yan sanda suka rufe dogayen gidaje tara na gwamnati a birnin Melbourne na Ostireliya, masu ɗauke da mutum kusan 3,000 da yawansu baƙi, ba tare da an ba su ko awa ɗaya ta shiri ba, daga baya jami'ar sauraron koke-koken jama'a ta jihar ta ce an tauye musu haƙƙi. Wanda ya san waɗannan ba za a zarge shi don ya ji tsoro ba.

Amma ki tuna musu yadda ta ƙare a San Francisco. Mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu da gawarwakinsu saboda tsoro, gwamnan jihar kuma ya yi ta musun cewa akwai cutar domin kare kasuwanci, annobar ta ja har zuwa 1904, ta kashe fiye da mutum 100, mafi yawansu daga cikin Sinawan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙyanda tana cikin cututtukan da doka ta wajabta wa likita ya sanar da hukuma a mafi yawan ƙasashe, saboda haka hukumar ta riga ta san unguwarku da adadin yaranku da suka kamu, shirunku ba zai ɓoye mata komai ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya sa a yanke shawara a kanku ba ku nan. Ku je da kanku, ku ce ga mu, ga harsunan da mutanenmu ke ji, ga lokutan da suke tashi daga aiki, ku kawo allurar kusa da mu a ranar hutu ko da yamma, kada ku tambayi takardar zama. Ku kuma roƙi kada sanarwarsu ta ambaci wata ƙabila ko ƙasa, ta tsaya ga cewa duk wanda bai samu allura biyu ba ya zo, domin a cikin 'yan ƙasar ma akwai masu ƙin rigakafi.

Malamar Jinya ta sake rubutawa:

Baba, na gode da wannan. Ina da gyara ɗaya kawai ga yadda za a aiwatar. Kada a tara iyaye da yara a rufaffen zaure domin faɗakarwa a wannan lokaci, saboda yaro ɗaya mai zazzaɓin da ba a gane ba ya isa ya shafa wa duk marasa rigakafin da ke wurin. A yi bayanin ta waya da saƙon murya, a kuma tsara ranar allurar ta yadda kowane gida zai zo a lokacinsa, mai zazzaɓi ko tari kuwa ya zauna a gida a kira masa ma'aikacin lafiya. A tambayi hukumar ko za ta yi wa jarirai 'yan wata shida zuwa goma sha ɗaya allurar wuri, domin akan yi haka a lokacin ɓarkewar cutar, amma wannan ba ta shiga lissafin allura biyun da za a yi musu daga baya.

Sakatariyar Ƙungiya ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun yi zaman kwamitin jiya ta waya, na fara da karanta musu abin da Baba ya rubuta, kuma hakan ya sa waɗanda ke son a yi shiru suka saurare ni har ƙarshe. An amince a ware kashi ɗaya cikin uku na asusunmu domin gidajen da za su killace kansu, mun kuma rubuta wa hukumar lafiya tambayar da ɗan'uwa Mai Aikin Dare ya ba da shawara, muna jiran amsarta kafin mu ce wa marasa takardu komai. Mutum biyu daga cikinmu suna bin gidaje ta waya suna rubuta wanda yake da kati da wanda ba shi da shi, da masu juna biyu da jarirai. Yaron da ke asibiti an cire masa bututun iska, ana sa ran sallamarsa cikin makon nan. Har yanzu akwai gida uku da suka ce ba za a taɓa musu yara da allura ba, kuma mahaifiyar yaron ta ce in bar mata su, ita za ta kira su da kanta ranar Asabar.